An Bar Musu Rawa, An Hana Su Kifi: Tafiya Cikin Dazuzzukan Ainu

(An rubuto wannan daga faifan muryar laccar. An rage gaishe-gaishe da maimaici, sauran kuwa an bar shi yadda mai laccar ya faɗa.)

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ranka ya daɗe shugaban zama, malamaina, iyayenmu mata da ke wancan gefe, ɗalibai, barkanmu da yamma.

Idan aka ambaci Japan, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai motoci ne da na'urori da jiragen ƙasa masu gudu kamar iska. An kuma daɗe ana gaya wa duniya cewa mutanen ƙasar jinsi ɗaya ne, harshensu ɗaya. A 1986 firaministansu na lokacin, Nakasone Yasuhiro, ya faɗi hakan a fili, sai wasu mutane daga can arewacin ƙasar suka ce masa: mu fa? Waɗannan mutanen su ne Ainu, kuma a kansu zan yi magana yau.

Ƙasarsu ita ce Hokkaido, tsibirin da ya fi kowanne kusa da Rasha a cikin manyan tsibiran Japan guda huɗu. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 83,000, wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar ke nan, amma mazaunansa ba su wuce miliyan 5 da 'yan kai ba. Daji ne da duwatsu masu aman wuta da tafkuna da koguna. Sanyin wurin ba na wasa ba ne: a garin Asahikawa, a 1902, ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 41 ƙasa da sifili. Ainu sun zauna a nan tun kafin Japanawa su mallaki tsibirin, sun kuma zauna a kudancin Sakhalin da tsibiran Kuril, waɗanda yanzu suke hannun Rasha. Harshensu bai haɗa dangi da Japananci ba, har yau ma masana ba su gano masa ɗan'uwa ko ɗaya ba. A ƙidayar da gwamnatin Hokkaido ta yi a 2017 an samu Ainu kimanin 13,000. Sai dai ƙidayar ta tsaya a Hokkaido kaɗai, kuma wanda ya yarda a kira shi Ainu kawai aka lissafa. Da yawa sun ɓoye asalinsu saboda gorin da iyayensu suka sha, har akwai waɗanda sai sun girma suke jin labarin daga bakin kakarsu.

Kafin in shiga, bari in share wata hanya. Ni Musulmi ne, yawancinku ma haka, kuma abin da zan bayyana aƙidar wasu mutane ce, ba kira nake yi gare ta ba. Allah ya gaya mana cewa ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu domin mu san juna. Sanin nan nake nema mana, kuma ina so mu yi shi da mutunci, yadda za mu so a yi mana in wani ya tashi zai bayyana mu ga mutanensa.

Ainu ba su da littafin addini, ba su da wani babban gini na ibada. Imaninsu a cikin kogi yake, da daji, da murhu, da tukunyar miya. Shi ya sa wanda ya tsaya a gidan tarihi kaɗai, ya kalli riguna a cikin gilashi, bai ga komai ba tukuna. Sai ka taka ƙasa, ka bi wanda ya san dajin, sannan abin zai fara shiga kanka. Shi ya sa kuma ranar da aka raba su da kogi, ba abinci kaɗai aka ƙwace musu ba, har da ibadarsu aka tafi.

A wurinsu duniya ta mutane ce da kuma waɗanda suke kira kamuy. Duk abin da ɗan'adam ke amfana da shi, ko wanda ya fi ƙarfinsa, kamuy ne: wuta, ruwa, iska, dabbobi, itatuwa, annoba, har da kwalekwale da turmi da wuƙar da aka daɗe ana aiki da su. Sun yi imani cewa waɗannan kamuy suna da tasu ƙasar, inda suke zaune da siffar mutane. Idan za su ziyarci duniyar mutane sai su sa sutura: wannan ya sa fatar beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, wancan ya sa jikin kifi. Naman da fatar tsaraba ce da baƙon ya kawo. Aikin mai masauki shi ne ya karɓa da godiya, ya girmama baƙon, ya sallame shi da kyauta domin ya koma gida ya yi labarin alheri, wasu su yi sha'awar zuwa. Ko akushi ya tsufa ya fashe, ba a jefar da shi a juji haka kawai, sai an yi masa sallama.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tsarin nan shi ne, ba tsoro zalla ba ne. Akwai haƙƙi a kowane ɓangare. Idan yaro ya nutse a kogi, dattawa kan tsaya su tuhumi kamuy na ruwa: mun ba ka haƙƙinka, me ya sa ka yi sakaci da namu? Beyar da ya kashe mutum kuwa ba a yi masa bikin girmamawa, sunansa ya koma mugun kamuy. Mutane ne masu son hujja. Ko rigima ce ta tashi tsakaninsu, akwai wata al'ada da suke kira caranke, inda masu jayayya za su zauna su yi ta kawo hujja, wani lokaci kwana da kwanaki, har sai ɗaya ya rasa ta cewa.

To, mu shiga gida. Gidan Ainu na gargajiya, cise, ɗaki ɗaya ne babba, da itace da ciyawa ko kara aka yi shi. A tsakiya akwai murhu mai kusurwa huɗu, kuma wutar da ke ciki ita ce Ape Huci, wato kaka wuta. Duk addu'ar da za a yi, da ita ake farawa, domin ita ce ke isar da saƙo ga sauran. A bangon da ke fuskantar ƙofa akwai taga ta musamman. Ba a leƙe ta nan, mutum ba ya wucewa ta nan. Ta nan ake shigo da naman farauta da kayan ibada. Idan ka samu kanka a irin wannan gida, ko da na nuni ne ga baƙi, kada ka zagaya ta baya ka leƙo ta wannan taga don ɗaukar hoto. A bayan tagar, a waje, za ka ga jerin sanduna a kafe, an fere su har ɓawon ya nannaɗe ya zubo kamar gashi. Sunansu inaw. Maza ne ke fere su daga wani itace mai laushi da ke fitowa a bakin rafi, kuma su ne kyautar da kamuy suka fi so, a imaninsu.

Yanzu mu fita daji. A gabashin Hokkaido akwai tafkin Akan, a cikin gandun dajin da gwamnati ta keɓe tun 1934. A bakin tafkin akwai unguwar Ainu mai mutum kamar 120, kuma a 'yan shekarun nan su da kansu suke jagorantar baƙi cikin daji. Kafin a shiga, jagoran yakan tsaya ya nemi izini, ya roƙi a fito lafiya. Daga nan duk taku biyu sai ya tsaya. Wannan itacen da ɓawonsa ake saƙa. Wancan da shi ake sassaƙa kwalekwale. Wannan ganyen maganin mura ne. Wancan furen mai launin shuɗi kuwa kada ka taɓa, daga saiwarsa ake haɗa dafin kibiya. Kai da ka shigo kana ganin kore kawai, sai ka fita kana ganin kasuwa da kantin magani da rumbu.

Da bazara, idan dusar ƙanƙara ta narke, mata ke fita ɗibar pukusa, wata tafarnuwar daji mai ƙarfin wari. Ganyen ake yanka a bar saiwar, domin tsiron yana ɗaukar shekaru kafin ya isa yanka. Ana shanya shi a ajiye don miyar hunturu, ana kuma rataye shi a ƙofa lokacin annoba. Da tsakiyar shekara sai a haƙo turep, wata saiwa mai kama da albasa. Aikinta akwai wahala. A daka ta, a jiƙa, a tace. Sitacin farko mai laushi ana ajiye shi don ciwon ciki, na biyu a ci, tuƙar da ta rage kuma a naɗe ta a ganye ta ruɓa kaɗan, a mulmula ta kamar faifai da huda a tsakiya, a rataye ta bushe. Tana shekaru ba ta lalace ba. Abincin ranar yunwa ke nan. Suna ɗan noma ma, musamman dangin gero, kuma daga garinsa mata ke yin sito, wasu 'yan curi da ake dafawa don biki. Dakan ma da waƙa ake yinsa, mata biyu ko uku a turmi ɗaya.

Abincin yau da kullum shi ne ohaw, romo ne na kifi ko naman barewa da ganyayen daji da saiwoyi. Babu kayan yaji masu yawa. Gishiri kaɗan, man kifi ko kitse, wani lokaci da garin ciyawar teku da aka gasa. Wanda ya saba da barkono zai ce lami ne a cokalin farko, amma kafin ya kai rabin kwano zai fara jin ɗanɗanon kowane ganye daban. Idan sun ci sukan ce hinna, kalmar godiya ce ga abin da aka ci da wanda ya kawo shi.

Amma uwar abinci a wurinsu kifin salmon ne, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Wannan kifi a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekara uku ko huɗu, sannan da kaka ya juyo ya hauro kogin da aka haife shi, ya yi ƙwai, ya mutu. Ainu suna kiransa kamuy cep, kifin kamuy. Ƙauyukansu a bakin kogunan da yake haurowa ake kafa su. Na farkon da aka kama a shekara ba a kai shi tukunya kai tsaye. Ana shigo da shi ta tagar nan da na ambata, a shimfiɗa shi gaban murhu, a yi masa maraba. Bikin ana kiransa asir cep nomi. Suna kama shi da wani mashi mai ƙugiya, marek, kuma akwai sanda ta musamman, fererriya, da ake buga masa a ka. Ba a kashe shi da dutse ko ruɓaɓɓen itace, domin wulaƙanci ne ga baƙo.

Ku lura da wannan, ɗalibai. Wanda za a ci ɗanye ko a dafa nan take, ana kama shi a farkon haurowa, kaɗan, gwargwadon buƙata. Amma na ajiya, mai yawan, sai kifin ya gama zuba ƙwai ake kama shi. Dalili biyu ne suka haɗu. Kifin da ya gama ƙwai ba shi da mai, don haka yana bushewa ba ya ɗoyi. Sannan ya riga ya bar zuriyar da za ta dawo bayan shekara huɗu. Ibada da dabarar ajiya da kiyaye iri duk sun zama abu guda, ba ka iya zare ɗaya ka bar sauran. Ba a kuma zubar da komai: kai da guringuntsi a sassara su da wuƙa a yi citatap, fatar a ɗinka takalmi da ita, wani kuma a bar shi ya daskare a sanyi a yanyanka a ci. Ana ma barin wani a bakin kogi saboda dila da sauran namun daji, don su ma suna da rabo.

Wannan kifin ne ya jawo musu masifa. Tun 1604 gidan sarautar Japanawa na Matsumae ya samu ikon mallakar duk cinikin da ake yi da Ainu. Suka riƙa rage mudun shinkafar da suke bayarwa a madadin busasshen kifi. A 1669 wani shugaba mai suna Shakushain ya haɗa kan Ainu suka yi tawaye. Aka kira shi sulhu, aka kashe shi a wurin walimar sulhun. Daga baya aka mai da Ainu leburori a wuraren kamun kifi na 'yan kasuwa. A 1869 sabuwar gwamnatin Japan ta zamanin Sarki Meiji ta haɗe tsibirin, ta sa masa suna Hokkaido, ta buɗe shi ga baƙi daga kudu. A 1871 aka hana mata jarfar da suke yi a kewayen baki, aka hana maza 'yan kunne. Aka hana kibiya mai dafi. Aka hana kama salmon a koguna. Bareyi suka kusa ƙarewa saboda farautar kasuwa da wata muguwar dusar ƙanƙara a 1879, kyarkecin tsibirin ma aka ƙarar da shi gaba ɗaya. Mutane suka fara mutuwa da yunwa a gefen kogi cike da kifi. A 1899 aka yi dokar da ta kira su tsofaffin 'yan ƙasa, aka ba su gonaki, galibi marasa kyau, aka sa 'ya'yansu a makarantun da Japananci kaɗai ake yi. Wannan doka ba a soke ta ba sai 1997. Harshen kuwa, a 2009 hukumar UNESCO ta sa shi cikin waɗanda ke bakin kabari.

Sai maganar beyar, wadda na san wasunku sun zo don ita. Beyar na Hokkaido babba ne, namiji kan kai kilo 300 ko fiye, kuma har yau akwai su sama da dubu goma a tsibirin. Ainu suna kiransa kimun kamuy, kamuy na duwatsu. Idan mafarauta suka samu ɗan jariri a rami a ƙarshen hunturu, sai su kawo shi gida. A raine shi kamar ɗa, a ba shi abinci mafi kyau, in ya yi ƙanƙanta ma wata mai shayarwa ta ba shi nono. Bayan shekara ɗaya ko biyu, cikin hunturu, sai a gayyaci dangi daga ƙauyuka a yi bikin iyomante. A yi rawa da waƙa, a harbe shi da kibau marasa kaifi masu ado, sannan a kashe shi. A jera masa kyaututtuka: inaw, sito, busasshen kifi. Da dare mai ba da labari zai fara wata doguwar waƙar jarumta, yukar, sai ya kai daidai inda labarin ya yi daɗi ya tsaya cak. Me ya sa? Don baƙon ya tafi da marmarin jin ƙarshen, ya sake dawowa.

Na san akwai wanda zai ce a ransa, wannan ai rashin tausayi ne, ka raini dabba ka kashe ta. Hukumomin Hokkaido ma haka suka ce a 1955, suka fitar da takardar hana bikin, suna kiransa dabbanci, ba a janye takardar ba sai 2007. Ba sai ka yarda da aƙidar ba kafin ka ga abin da ke ciki. Matan da suka raini dabbar kuka suke yi a ranar. Mutane ne da suka ƙi yarda su ci nama ba tare da sun kalli abin da ya mutu sun san bashin da ke kansu ba. Hukumar da ta kira su dabbobi kuwa, magajiyar wadda ta ƙarar da kyarkeci da guba ce.

Akwai wani kamuy da darajarsa ta kai ta beyar ko ta fi, kuma a nan za ku yi mamaki: mujiya. Tsuntsuwar da mu a nan ake jifa in ta sauka a kan gida, su a wurinsu ita ce kotan kor kamuy, mai tsaron gari, domin idonta biyu lokacin da kowa ke barci. Irin tasu tana cikin mafi girma a duniya, kifi take ci, kuma a cikin kogon tsofaffin itatuwa take sheƙa. Da aka sare dazuzzuka aka datse koguna sai ta kusa ƙarewa. Yanzu waɗanda suka rage a Hokkaido ba su fi ɗari biyu ko kusa da haka ba. A dausayin Kushiro kuma akwai farin gauraka mai jan kai, wanda aka ɗauka ya ƙare sai aka gano 'yan kaɗan a 1924. Yau sun haura dubu. Matan Ainu suna da rawar da suke kwaikwayonsa, su ɗaga gefen riga kamar fukafukai, kuma wanda ya ga tsuntsun yana rawa a kan dusar ƙanƙara da safe, ya ga matan da dare, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Raye-rayen Ainu sun shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2009.

In mutum yana son ya ga inda al'adar ke da rai a hannun masu ita, ya je Nibutani, a bakin kogin Saru, cikin gundumar Biratori. A can har yau mata na saƙa attus, tufafin da ake yi da zaren ɓawon itace, maza na sassaƙa faranti na katako masu zane. A 2013 gwamnatin Japan ta sa waɗannan sana'o'i biyu cikin jerin sana'o'in gargajiya na ƙasa, su ne na farko daga Hokkaido. A Nibutani aka haifi Kayano Shigeru, a 1926. Yana yaro aka kama mahaifinsa saboda ya kamo salmon don ciyar da iyali. Da ya girma ya ga masu bincike suna kwashe kayan gidajensu, sai ya fara saye da kuɗin aljihunsa yana tarawa, har ya buɗe gidan tarihi a 1972. Ya yi shekaru yana naɗar muryoyin tsofaffi. A 1994 ya zama Ainu na farko a majalisar dokokin Japan, ya kuma yi magana da harshen Ainu a zauren. Shi da wani dattijon Ainu, Kaizawa Tadashi, ne suka ƙi ba da gonakinsu lokacin da gwamnati za ta gina madatsar ruwa a kan kogin Saru. A watan Maris na 1997 kotun Sapporo, babban birnin Hokkaido, ta yanke cewa ƙwace filayen ya saɓa doka, kuma a karo na farko wata hukumar ƙasa ta amince cewa Ainu 'yan asalin wurin ne. Amma madatsar an riga an gama ta, kotu ta ce a bar ta. Tana nan har yau, kuma wasu wurare masu tsarki a wurinsu sun salwanta.

Bayan haka abubuwa sun ɗan motsa. Majalisa ta zartar da ƙudurin amincewa da su a matsayin 'yan asalin ƙasa a 2008, doka ta tabbatar a 2019, sannan a watan Yulin 2020 aka buɗe Upopoy a garin Shiraoi, bakin tafkin Poroto: babban gidan tarihi na ƙasa, da dandalin rawa, da gidajen gargajiya. Wuri ne mai kyau, matasan Ainu da yawa suna aiki a ciki suna koyon harshensu, kuma allunan bayani da harshen Ainu suke farawa. Ina ba kowa shawara ya je. Amma ya je da sanin cewa akwai Ainu da ba su gamsu ba, kuma suna da hujja. An taɓa baje kakanninsu a matsayin abin kallo, a bikin baje koli na Osaka a 1903 da na St. Louis a Amurka a 1904. Masu bincike sun tone kaburburansu, har aka samu ƙasusuwan mutum sama da 1,600 a jami'o'in Japan, kuma da yawa daga ciki yanzu a wani gini na Upopoy aka tara su maimakon a mayar da su ƙasar da aka tono su. Wanda aka yi wa haka, dole ya yi tambaya idan aka ce masa zo ka yi rawa baƙi su gani.

Ba ina cewa yawon buɗe ido sharri ba ne. Unguwar Akan da na ambata ba tsohon ƙauye ba ne, Ainu ne daga sassa dabam-dabam suka taru a wurin saboda baƙi, suna sassaƙa suna sayarwa. Bikin marimo da ake yi a can duk Oktoba, na wata gansakuka mai mulmulewa kamar ƙwallo a ƙasan tafkin, a 1950 aka ƙirƙiro shi domin a hana mutane sace ta. Wasu sun soki abin, sun ce ba gado ba ne. Amma a lokacin da makaranta da hukuma suke kashe al'adar, a irin waɗannan wurare ne waƙoƙi da raye-raye da sassaƙa suka samu mafaka, kuma da kuɗin baƙin aka yi wa yara makaranta. Abin dubawa a wurina shi ne wa ke riƙe da akalar. Wa ke ba da labarin, wa ke cewa wannan a nuna wancan a rufe, aljihun wa kuɗin ke shiga?

Kuma ga inda maganar ta tsaya a yau. An farfaɗo da bikin maraba da salmon a kogin Toyohira na Sapporo tun 1982, amma har yanzu Ainu ba ya kama kifin a kogi sai da izinin gwamnan Hokkaido, kuma don biki da koyar da al'ada kawai, ba don ci da sayarwa ba. A 2020 wata ƙungiyar Ainu ta garin Urahoro, Raporo Ainu Nation, ta kai gwamnati ƙara tana neman haƙƙin kamun kifi a kogin kakanninsu. A watan Afrilun 2024 kotun Sapporo ta ƙi amincewa da buƙatarsu. Dokar 2019 ta ba da kuɗin raya al'ada da jawo baƙi, amma ba ta mayar da ƙasa ko kogi ba. Ni a ganina wannan bai isa ba. Al'adar da aka gina a kan karɓar baƙo daga kogi ba za ta rayu a kan dandamali kaɗai ba.

Shugaban zama yana nuna mini agogo. Bari in tsaya a karɓi tambaya.

(Wata baiwar Allah daga cikin mahalarta ta tambaya ko Musulmi zai iya irin wannan tafiya ba tare da ya shiga abin da addininsa ya hana ba, da kuma lokacin da ya fi dacewa.)

Na gode, Hajiya, tambaya ce mai amfani. Zai iya. Addu'arsu ta kamuynomi ana yin ta da wata giyar gargajiya, tonoto, wadda ake yayyafawa da ɗan sassaƙaƙƙen katako sannan a zagaya da ita a sha. Ba a tilasta wa baƙo. Ki gaya wa jagora tun kafin a fara cewa ba kya sha kuma ba za ki shiga addu'ar ba, ki zauna gefe cikin natsuwa. Mutanen da aka hana su addininsu sun fi kowa gane wanda ke kiyaye nasa. Wajen abinci, ki nemi ohaw na kifi, ki kuma tambaya da me aka yi romon, domin akwai wani iri da yanzu ake dafawa da ƙashin alade, musamman a Akan. Naman barewa kuma na harbi ne, ba yankan Musulmi ba. Kifi da ganye da sito sun ishe ki.

Lokaci kuwa ya danganta da abin da kike son gani. Ganyayen daji a watan Mayu ne zuwa Yuni. Bikin saukar da kwalekwale a Nibutani a watan Agusta ake yi. Haurowar salmon daga Satumba ne zuwa Nuwamba, bikin marimo a farkon Oktoba. Gauraki a kan dusar ƙanƙara sai Janairu da Fabrairu, amma wannan sai da kayan sanyi na gaske. Daga Sapporo zuwa Shiraoi kamar awa ɗaya ne a jirgin ƙasa, Akan kuwa ta Kushiro ake bi, sannan a hau mota. Kada ki shiga daji ke kaɗai saboda beyar, kada ki tsinki ganye sai jagora ya ce ki tsinka, kuma ki nemi izini kafin ki ɗauki hoton mutum ko wurin addu'a. In za ki sayi tsaraba, ki tambayi sunan wanda ya sassaƙa ko ya saƙa, ki saya a hannunsa.

Akwai wani hannu a can baya. Malam, bismillah.